Matasa, Gidauniyoyi da Gyaran Ilmi a Amurka: Wa Ke Riƙe da Akala?

Jawabi ga taron shugabannin ƙungiyoyin matasa da malaman makaranta



Abin da wannan jawabi zai duba shi ne wata al'ada da ta kafu a ƙasar Amurka, inda gidauniyoyin da attajirai suka kafa suke ba ƙungiyoyin matasa kuɗi domin su haɗa kan 'yan'uwansu, su nemi a gyara makarantun da suke karatu a ciki. Matasan da ake magana a kansu, akasarinsu 'yan makarantar sakandare ne, masu shekara 14 zuwa 18, 'ya'yan talakawa, baƙar fata da kuma 'ya'yan baƙin da suka zo daga ƙasashen Latin Amurka da Asiya. Tambayar da ke ƙarƙashin al'amarin ita ce: in mai dukiya ya ba yaro kuɗi domin ya yi gwagwarmaya, wa ke riƙe da akala, yaron ko mai dukiyar? Tarihin kusan shekara 100 ya ba da amsa. Kuɗin gidauniya kamar taki yake. In ya tarar da shuka a gona yakan sa ta yi kyau, in kuwa aka zuba shi inda ba a shuka kome ba, to, ciyawa ce za ta ci moriyarsa.

Yadda Aka Tsara Abin

Kafin a shiga labari, ya kamata a san abu biyu. Na farko, makarantun gwamnati a Amurka ba a hannun Gwamnatin Tarayya suke ba. Ƙasar ta kasu gundumomin ilmi wajen 13,000, kowace da hukumarta, kuma a mafi yawansu mutanen gari ne suke zaɓen wakilan hukumar. Hukumar takan yi zamanta a bainar jama'a, ta ware lokacin da kowa zai iya tashi ya faɗi albarkacin bakinsa na 'yan mintoci, ko da yaron da bai isa jefa ƙuri'a ba ne. Kuɗin tafiyar da makarantu kuwa, abin da ke zuwa daga Tarayya bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, sauran daga jiha ne da kuma harajin gidaje na gari. Saboda haka unguwar masu hali takan sami makaranta mai kyau, unguwar matalauta kuma ta sami saura.

Na biyu, gidauniya dukiya ce da wani attajiri ko iyalinsa suka keɓe domin aikin taimakon jama'a, gwamnati kuma ta sauƙaƙa mata haraji. Tun daga dokar haraji ta 1969 aka ɗaure gidauniyoyi da sharuɗɗa. Tilas ne kowace ta kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarta duk shekara, ba ta da ikon goyon bayan ɗan takara, ba ta kuma da ikon ware kuɗi musamman domin kamun ƙafa a majalisa. Amma tana iya ba ƙungiya kuɗin tafiyar da al'amuranta gaba ɗaya, ita ƙungiyar ta yi kamun ƙafarta gwargwadon abin da doka ta yarda.

Me ake yi da kuɗin? Ba gina aji ake yi da shi ba. Ana biyan albashin jami'i ɗaya ko biyu masu horad da matasa, da kuɗin hayar ofishi, da kuɗin mota zuwa zaman hukuma, da abinci bayan an tashi daga makaranta, da ɗan alawus ga yaron da in ba don haka ba sai ya tafi aikin kanti domin ya taimaki gidansu. Ana koya musu yadda ake karanta kasafin kuɗi, da yadda ake zagawa da takardar tambayoyi a tattara ra'ayin ɗaruruwan 'yan makaranta, da yadda ake tsayawa gaban manya a yi magana ba tare da rawar murya ba.

Yarinyar Farmville

A ranar 23 ga watan Afrilu 1951, wata yarinya mai shekara 16, Barbara Johns, ta tara 'yan makarantarsu a garin Farmville na Jihar Birjiniya, ta jagorance su suka ƙaurace wa aji. Makarantar ta baƙar fata ce, an gina ta domin yara 180, amma fiye da 450 ne suke cunkushe a ciki, har an kakkafa rumfunan katako masu yoyo a harabarta ana kiransu azuzuwa. Yaran suka yi mako biyu ba su koma ba. Babu wata gidauniya da ta ba su ko kwabo. Buƙatarsu ɗaya ce, watau a gina musu makaranta irin ta fararen fata.

Da suka rubuta wa lauyoyin ƙungiyar NAACP, wadda ke kare haƙƙin baƙar fata, sai Oliver Hill da Spottswood Robinson suka zo. Lauyoyin suka ce za su karɓi shari'ar bisa sharaɗi ɗaya: ba za a nemi sabon gini ba, za a nemi a rushe dokar raba makarantu bisa launin fata ne ɗungum. Yara da iyayensu suka yarda. Wannan ƙara tana cikin guda 5 da Kotun Ƙoli ta haɗa ta yanke hukunci a kansu ranar 17 ga watan Mayu 1954, inda ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Nasarar ba ta zo da arha ba. An tura Barbara Johns wurin baffanta a Jihar Alabama domin tsoron kada a halaka ta, hukumomin yankin kuma suka gwammace su rufe makarantun gwamnati baki ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da su bar yara su zauna aji ɗaya.

To, ina gidauniya ta shigo cikin wannan labari? Ta shigo shekara 20 kafin yajin. A 1922 wani saurayi mai suna Charles Garland, wanda ya gaji wajen dala miliyan 1, ya ba da ita aka kafa asusun taimakon masu neman sauyi. A 1930 asusun ya yi wa NAACP alkawarin dala 100,000 domin kai ƙararraki kotu. Karyewar tattalin arziki ta sa abin da ya shiga hannu bai kai sulusi ba, amma da shi aka tsara dabarun shari'ar ilmi, aka kuma ɗauki Charles Hamilton Houston aiki, malamin da ya koyar da Thurgood Marshall da Oliver Hill ɗin nan. Watau lokacin da yaran Farmville suka ƙwanƙwasa ƙofa, kuɗin da aka zuba tun kafin a haife su ne ya sa suka tarar da lauyoyi a shirye.

Amma fa akwai ɗaya gefen. Wata masaniyar siyasa, Megan Ming Francis, ta nuna a bincikenta na 2019 cewa kafin zuwan kuɗin Garland, babban abin da ya dami NAACP shi ne kisan gillar da gungun fararen fata suke yi wa baƙar fata, kuma masu asusun ne suka karkata ta zuwa ga sha'anin ilmi. Ko da hanyar da aka karkata zuwa gare ta ta ɓulle, an dai karkata. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Darasin Los Anjalas

Daga wajen 1990 ne aka fara samun ƙungiyoyi na dindindin waɗanda aikinsu shi ne horad da 'yan sakandare su jagoranci neman gyara. A birnin Filadalfiya 'yan makaranta da kansu suka kafa ƙungiyarsu a 1995. A shekarar 2000 wasu gidauniyoyi suka haɗa hannu suka buɗe asusun haɗin gwiwa mai suna FCYO a birnin Niyok, domin su riƙa tallafa wa irin waɗannan ƙungiyoyi tare. Cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage akwai Gidauniyar Edward W. Hazen, ƙaramar gidauniya da aka kafa a 1925.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Los Anjalas ta Jihar Kalifoniya. A kudancin birnin akwai ƙungiyar Community Coalition, wadda Karen Bass ta kafa a 1990, ita ce kuma aka zaɓa magajiyar birnin a 2022. A gabashinsa akwai InnerCity Struggle, wadda aka kafa a 1994. A 1997 mutanen birnin suka amince a ciwo bashin dala biliyan 2.4 domin gyaran makarantu. Da matasan Community Coalition suka duba yadda aka raba ayyukan, sai suka ga makarantun unguwarsu, waɗanda suka fi lalacewa, an bar su a baya. Suka ɗauki ƙananan kyamarori suka bi makaranta makaranta suna ɗaukar hoton banɗakin da ya toshe da rufin da ya rufta, suka kai wa masu kula da kuɗin. Ƙarshenta aka ƙara ware dala miliyan 153 domin makarantun yankin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sa'an nan suka juya kan abin da ake koyarwa. Jami'o'in gwamnatin Kalifoniya ba sa ɗaukar ɗalibi sai ya ci wasu darussa 15 da aka ƙayyade, waɗanda suka haɗa da lissafi da kimiyya da Turanci da wani harshe na waje. A makarantun matalauta sau da yawa babu isassun azuzuwan waɗannan darussa, sai a tura yaro ajin gyaran gashi ko wani abu makamancin haka, ya gama sakandare da takarda a hannu amma ƙofar jami'a a rufe take tun bai sani ba. Ƙungiyoyin biyu suka haɗa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, suka tara sa hannun dubban mutane, suka yi ta cika zauren hukuma. A watan Yuni 2005 hukumar ilmi ta birnin ta zartar, da ƙuri'a 6 a kan 1, cewa waɗannan darussa su zama hanyar kowane ɗalibi.

Gaskiya ta wajabta a faɗi abin da ya biyo baya. Zartad da ƙuduri daban, samar da malaman lissafi daban. A 2015, da hukumar ta ga dubban yara za su kasa kammalawa, sai ta sassauta makin da ake buƙata domin samun takardar gama makaranta, ya koma ƙasa da wanda jami'o'i suke karɓa. Abin da ya hana gyaran mutuwa shi ne ƙungiyoyin suna nan bayan shekara 10, da sababbin yara, suna bin sawun alkawarin. Irin wannan daɗewa ba ta samuwa da tallafin shekara guda. A Kalifoniya, gidauniyar California Endowment ta ɗauki alkawarin dala biliyan 1 na tsawon shekara 10, daga 2010, a yankuna 14 na matalauta, kuma ƙungiyoyin matasa suna cikin waɗanda suka amfana.

Yaƙi da Korar Yara

Babban fagen da matasa da gidauniyoyi suka yi tafiya tare shi ne na horo a makaranta. A 1994 aka yi dokar Tarayya mai cewa duk yaron da ya zo makaranta da bindiga a kore shi na shekara guda. Sannu a hankali makarantu suka faɗaɗa wannan tsanani zuwa ƙananan laifuffuka, kamar makara, da rashin sa tufafin makaranta, da mayar wa malami magana. Bayan harbe-harben makarantar Columbine a 1999 aka ƙara cika makarantu da 'yan sanda. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 ta nuna an dakatar da yara fiye da miliyan 3 daga makaranta, kuma yawan dakatarwar da ake yi wa yaro baƙar fata ya ninka na farar fata sau 3. Yaron da aka tura gida yakan koma baya a karatu, wanda ya koma baya yakan daina zuwa, wanda ya daina zuwa kuwa titi ne yake karɓarsa, daga nan sai gidan yari.

Matasa suna cikin waɗanda suka tashi kokawa da wannan. A birnin Denver na Jihar Kolorado, ƙungiyar iyaye da matasa mai suna Padres y Jóvenes Unidos ta sa aka sake dokokin horo na birnin a 2008, aka yi dokar jiha a 2012. A Los Anjalas aka hana dakatad da yaro saboda taurin kai kawai a 2013, daga baya jihar ta bi sahu mataki mataki, har hanin ya game dukan azuzuwa a 2024. A Shikago, gamayyar matasa mai suna VOYCE, wadda aka kafa a 2007, ta tsara daftarin doka, 'yan makaranta suka yi ta zirga-zirga zuwa majalisar Jihar Ilinoi, har Gwamna Bruce Rauner ya sa hannu a watan Agusta 2015. Dokar ta ce kada a yi doguwar dakatarwa sai an gwada sauran hanyoyi sun ƙi, ta hana cin tarar yara da sunan horo, ta kuma ba wanda aka dakatar damar rama aikin da ya wuce shi.

A nan gidauniya ta biyo bayan matasa ne. Atlantic Philanthropies, wadda attajiri Chuck Feeney ya kafa, ta kashe dala miliyan 47 a kan wannan batu tsakanin 2010 da 2014. Hikimar da ta yi ita ce ba ta zuba kuɗin wuri ɗaya ba. Ta ba ƙungiyoyin matasa da na iyaye, ta ba lauyoyi, ta ba masu bincike a jami'o'i, ta kuma sa suka riƙa zama tare, yadda yaro zai kawo labarin abin da ya same shi, masani ya kawo alƙaluma, lauya ya kawo doka. A watan Janairu 2014 gwamnatin Shugaba Obama ta aika wa dukan gundumomi takardar gargaɗi cewa bambancin launi wajen horo yana iya zama keta doka. Zuwa shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, yawan yaran da aka dakatar ya sauko zuwa kimanin miliyan 2 da rabi.

Abin da Ya Faru a Newark

Domin a ga bambanci, sai a dubi birnin Newark na Jihar New Jersey, inda gwamnatin jiha ta ƙwace makarantu daga hannun mutanen gari tun 1995. A watan Satumba 2010, Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya bayyana kyautar dala miliyan 100 domin gyaran makarantun birnin, tare da magajin gari Cory Booker da Gwamna Chris Christie, wasu masu hali kuma suka ƙara kwatankwacin haka. A wani shirin talabijin na Oprah Winfrey aka yi sanarwar, kuma a nan ne mafi yawan iyayen Newark suka fara jin labarin abin da za a yi wa 'ya'yansu. 'Yar jarida Dale Russakoff, wadda ta bi diddigin kuɗin a littafinta na 2015, ta nuna fiye da dala miliyan 20 sun tafi aljihun ƙwararru masu ba da shawara, wasunsu ana biyansu dala 1,000 a yini.

Da aka fito da sabon tsarin raba yara a makarantu, wanda ya haɗa da rufe wasu da miƙa wasu ga masu zaman kansu, sai gari ya ɗauki zafi. Ƙungiyar 'yan makarantar Newark, wadda ba ta da ko ɗigon irin wancan kuɗi, ta yi ta fitar da yara kan titi, a watan Fabrairu 2015 kuma wasu daga cikinsu suka yi zaman dirshan na kwana 4 a ofishin shugabar makarantun birnin, Cami Anderson. A watan Yuni ta bar aiki. A 2018 aka fara mayar da makarantu hannun hukumar gari.

Ba za a ce kuɗin ya tafi a banza ƙaf ba. Binciken da masana na Jami'ar Harvard suka fitar a 2017 ya nuna bayan an fara da koma baya, an sami ci gaba a darasin Turanci, lissafi kuwa bai motsa sosai ba. Amma shekarun rigima da rashin yarda da aka sha, da an kauce musu in da tun farko an zauna da masu abin. Da ɗan gari akan ci gari. Dala miliyan 47 da ta bi bayan kukan matasa ta taɓa dokokin jihohi da dama, dala miliyan 200 da ta zo da tsarinta a aljihu kuwa sai da ta yi karo da yaran da ta zo taimako.

In Mai Bayarwa Ya Tafi

Duk da haka, kada a ɗauka wanda ya sami gidauniya mai sauraro ya huta. Akwai rauni iri uku.

Na farko, gidauniya takan tafi. Atlantic Philanthropies ta rabar da dukiyarta, wajen dala biliyan 8, ta rufe a 2020, kamar yadda mai ita ya nufa. Gidauniyar Hazen ta yanke shawara a 2019 ta rabar da abin da ya rage mata, ta rufe a 2024. Wasu kuma ba sa rufewa, sai dai sabon shugaba ya zo da sabon ra'ayi, ƙungiyar da ta dogara da su ta wayi gari ba ta da albashin wata mai zuwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na biyu, abin da aka samu da sa hannun mai mulki, wani mai mulki yana iya soke shi. Takardar gargaɗin 2014 an janye ta a watan Disamba 2018, zamanin mulkin Shugaba Trump na farko. A Denver, hukumar ilmi ta fitar da 'yan sanda daga makarantu a 2020, amma bayan wani ɗalibi ya harbi jami'an makaranta 2 a watan Maris 2023, sai aka dawo da su. A nan ma ya kamata a yi adalci. Akwai malamai da iyaye, har cikin matalautan, waɗanda suke ganin an hana kora ba tare da an kawo masu ba yara shawara da horon malamai da za su maye gurbinta ba, aji ya zama da wuyar riƙewa. Kukansu gaskiya ne, kuma yana nuna gidauniyoyi sun fi son biyan kuɗin yaƙin neman doka da biyan kuɗin aikin da ke biyo bayanta, wanda ba shi da armashi.

Na uku, shugabannin irin wannan ƙungiya ba sa daɗewa. Duk bayan shekara 4 sukan gama makaranta su wuce, a sake fara horad da wasu. Mai ba da tallafin shekara ɗaya yana neman sakamakon da zai rubuta a rahoto, alhali shekarar farko takan ƙare ne wajen koya wa yaro ya yarda maganarsa tana da daraja. Wannan ne ya sa Gidauniyar Ford, a ƙarƙashin Darren Walker, ta ware dala biliyan 1 daga 2016 domin ba ƙungiyoyi tallafin shekara 5, wanda su ne za su zaɓi yadda za su kashe mafi yawansa. Akwai kuma wata riba da rahoto ba ya kamawa da wuri: binciken Veronica Terriquez da John Rogers a Kalifoniya ya nuna matasan da suka ratsa waɗannan ƙungiyoyi sun fi tsararrakinsu masu irin halinsu shiga jami'a da shiga harkokin jama'a.

Inda Ya Shafi Nijeriya

Wannan labari ba na nesa ba ne ƙwarai, domin wasu daga cikin gidauniyoyin Amurka suna aiki a ƙasar nan. Ford ta buɗe ofishi a Legas tun 1960, Gidauniyar MacArthur kuma tana da ofishi a Nijeriya tun 1994. A ƙarƙashin wani shirinta na yaƙi da cin hanci, wanda ya kammala a 2024, MacArthur ta tallafa wa ƙungiyoyi masu bin sawun kuɗin ilmin bai ɗaya da na ciyar da 'yan makaranta a wasu jihohi, ciki har da Kaduna. Shirin Follow The Money, wanda Hamzat Lawal da abokansa matasa suka fara a 2012 kan gubar dalma da ta kashe yara a Bagega ta Jihar Zamfara, ya soma ne kafin manyan masu tallafi su waiwaye shi. Shuka ce ta riga taki, kamar dai a Farmville.

Amma tsarin ƙasashen biyu ya bambanta. A Nijeriya ba a zaɓen hukumar ilmi, gwamna ne yake naɗa ta. Ƙofofin da matasa za su ƙwanƙwasa su ne majalisar dokokin jiha, da hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha, da sashen ilmi na ƙaramar hukuma, da kwamitin kula da makaranta na unguwa. Abin bin sawu kuma yana nan a fili. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ilmin firamare da ƙaramar sakandare, amma jiha ba ta ɗaukar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma an sha shekaru biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su ajiye nasu ba.

Saboda haka, ƙungiyar matasan da aka yi wa tayin tallafi, daga waje ne ko daga wani attajirin gida, ya kamata ta tsaya ta yi wa kanta tambayoyi huɗu kafin ta sa hannu. Buƙatar da za a yi gwagwarmaya a kanta, wa ya zaɓe ta, 'yan makaranta ko mai kuɗi? Tallafin na shekara nawa ne, ya isa a ga ƙarshen aikin? In ƙungiya ta saɓa wa ra'ayin mai bayarwa a bainar jama'a, kuɗin zai ci gaba da zuwa? Ranar da ya daina zuwa, me zai rage: mambobi masu biyan kuɗin ƙungiya komin ƙanƙantarsa, da iyaye masu mara baya, ko kuwa allon suna a bakin ofishin da aka kulle?

Masu bayarwa su ma suna da nasu nauyin. Su nemi inda matasa suka riga suka fara motsi da kansu, su ba da kuɗin tafiyar da ƙungiya maimakon na biki da taron otal, su yi haƙurin shekaru, su kuma jure jin abin da ba sa so daga bakin waɗanda suke ba kuɗi.

Yaran Farmville sun fita daga aji ba tare da sanin ko wani zai taimake su ba, lauyoyin da suka amsa kiransu kuma an yi shekara 20 ana shirya su. Da ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, da labarin bai kai Kotun Ƙoli ba. Amma yaran ne suka fara, kuma duk ƙungiyar da ta manta da wannan tsari na gaba da baya, to, ta miƙa akalarta ke nan.